Albarka a Sito

Yayana Alhaji Mato mutum ne mai ajiya. Ba rowa nake nufi ba, kar in ɗauki alhakinsa, hannunsa a sake yake. Ajiya dai. Da kaka yakan bi ƙauyukan Kwaja da Mayo Bani ya sayi wake, ya jibge a sito, ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi har damina ta yi nisa. Wannan sana'a ce, ba mai ganin laifinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne halin ya bi shi har gida. Sabuwar riga sai ta shekara a akwati kafin ta ga rana. In ka yi abin kirki ya ji daɗi, ba zai faɗa maka yau ba, sai ya ajiye yabon, wai sai lokacinsa ya yi.

Ni ce Adawiyya, ƙanwarsa. Shagon ɗinkina jikin sitonsa yake, bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na langa-langa ne. Saboda haka ko tari ya yi ina ji, kuma ba na ɓoye cewa ina saurara.

Khairat ita ce 'yarsa ta fari. Ni na yaye ta, a ɗakina ta girma. Kun san kunyar ɗan fari. Iyayenmu sun taho da ita daga ƙasar Katsina, mutane da yawa a nan Mubi sun sauke ta tuntuni, Yaya kuwa ya adana tasa kamar yadda yake adana komai. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa. Yarinyar nan ta yi firamare, yarinyar nan ta gama sakandare, yarinyar nan ta fito da digirin injiniya har ta samu aiki a Abuja, amma a bakin ubanta ba ta samu suna ba.

Da ta zo babbar Sallah sai ta bar masa tsohuwar kwamfutarta, wai ya riƙa kallon farashin hatsi. Farashin hatsi a ka yake riƙe da shi, bai ko duba ba. Abin da ya kama shi wani wasa ne da ta nuna masa na rana ɗaya, wasan harba kumbo sararin sama.

Ga yadda wasan yake, don ni ma dole ta sa na koya. Kai za ka ƙera kumbonka, ka ɗora masa tankin mai da batir da eriya da na'urorin awo. Ka harba shi. In ya isa wata duniya sai ya auna zafi, ya auna iska, ya ɗebi ƙasa, ya zuba duk bayanan a akwatin ajiya. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka buɗe eriya ka turo bayanan gida nan take, a ba ka maki amma ba cikakku ba, kuma turawar tana shan batir. Ko ka dawo da akwatin har gida da kanka, a ba ka maki cif. Da makin nan ake buɗe maka sababbin kaya, injin da ya fi girma, tankin da ya fi tsawo. Khairat kuma ta saita wasan a matakin da ba a komawa baya. Abin da ya faru ya faru.

Tun da aka gaya wa Yaya cewa turawa tana rage maki, ya gama yanke hukunci.

Turancin wasan kuwa abokinsa ke karanta masa, Malam Tizhe, ɗan Michika, tsohon malamin jogarafi da kowa ke kira Ticha. Tun suna samari suke tare, kuma tun suna samari suke musu. Ticha yakan iso da lemarsa in kasuwa ta lafa, su ɗora kwamfutar a kan buhun wake, su sa kai. Dattawa biyu masu furfura, ɗaya da carbi ɗaya da tabarau a kan hanci, suna faɗa a kan roka.

"Mato, ka tura kayan nan mana," in ji Ticha kusan kullum. "Eriya yana nan, batir yana nan. Menene wahala?"

"Ticha, ka taɓa ganin na sayar da wake da kaka?"

"Wannan ba wake ba ne, bayani ne."

"Kaya kaya ne. Abin da na sha wahalar ɗebowa ba zan ba iska ta kai mini rabinsa ba. Da hannuna zan kawo."

"Kai dai kanka ya fi dutsen garinmu tauri."

A gaskiya da farko dabarar ta yi masa aiki. Ya je duniyar wata ya dawo da akwati cike, aka ba shi maki cif, ya yi kwanaki yana yi wa Ticha gori. Har ni sai da ya leƙo shagona ya ce mini, "Adawiyya, kin ji ko? Mai haƙuri shi kan dafa dutse." Na ce Allah ya sa romon ya ishe mu.

Nasarar nan ce ta ja shi. Ya ce yanzu jar duniyar nan mai nisa zai je. Ya zauna ƙera kumbo kamar mai lodin tirela. Akwatin ajiya ɗaya ya isa a zuba komai, Ticha ya karanta masa haka, amma Yaya ya ce ba a haɗa jan wake da fari a buhu ɗaya. Awon zafi da akwatinsa, awon iska da nasa, ƙasar tudu daban, ta kwari daban. Da wuri ya ƙare masa sai ya dubi wasu faifai biyu masu kama da fuka-fuki ya ce, "Waɗannan fa?"

"Sola ne. Shi yake caja batir."

"Batir na mene ne?"

"Na eriya, na komai."

"Ni da ba zan yi amfani da eriya ba? Cire su. A sa akwati."

Ticha ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube shi. Sannan ya ɗaga murya don in ji ta bango. "Hajiya Adawiyya, ki zama shaida, na faɗa mishi."

Na ce na shaida.

Suna cikin wannan tafiya, kumbo ya yi nisa, Khairat ta kira ni. Tun daga sallamarta na san akwai magana. An ba ta gurbin karatu a ƙasar waje, karatun tauraron ɗan'adam, abin da take mafarki tun tana kwana a bayana. Takardun tafiya sun makara, sai ga su kwatsam, kuma jirgi ranar Alhamis zai tashi da yamma. Akwai sauran zirga-zirgar ofis da dole ta yi da kanta, babu halin zuwa Mubi ta koma. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai ta ce, "Gwaggo, ina so Baba ya sa mini albarka. Ko ta waya ce."

Nan murnata ta koma ciki, don na san yayana.

A gidanmu, mai tafiya durƙusawa yake yi a gaban uba, uba ya ɗora masa tafin hannu a ka, ya yi addu'a. Haka mahaifinmu ya yi wa Yaya ranar da ya fara bin motar hatsi, haka Yaya ya yi wa Khairat ranar da za ta jami'a. Shi ne kaɗai lokacin da hannunsa ke taɓa ta. Na same shi a sito na gaya masa. Fuskarsa ta yi haske, na gani da idona, sannan ya ɗauke hasken ya ajiye.

"Madalla," ya ce. "Ta zo ta karɓa."

"Yaya, ba lokaci."

"To in ta dawo ta karɓa. Albarka ba ta ruɓewa."

"Shekaru za ta yi fa!"

"Ko nawa ne. Tana nan a ajiye."

Na ce to shi ya hau mota ya same ta. Ya ce bai taɓa ganin rijiya ta bi guga ba. Na ce ga waya. Ya ce albarkar waya rabin albarka ce, babu hannu, babu kai, murya ce kawai a iska, shi kuma ba zai ba 'yarsa rabi ba. Na fita ina huci, har na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na gaya wa Khairat amsarsa, sai ta ce, "To shi ke nan, Gwaggo. Ba zan hau jirgi ba tare da ita ba. In azahar ɗin Alhamis ta yi bai kira ba, tasha zan nufa, in taho Mubi in durƙusa." Na ce gurbin fa? Ta ce ba sa jira, wani za su ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ta ce, "Gwaggo, ke kika raine ni, amma shi ya haife ni."

Na kai wa Yaya wannan ma. Ya ce barazana ce ta yara. Amma na lura da yadda ya faɗa, da ɗan murmushi a gefen baki, sai na gane abin da ke ƙasa. Yana so ta zo. Ba ya so ta ƙetare teku bai ga fuskarta ba, kuma ba zai iya faɗin haka ba ko za a yanka shi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa. Kasuwa ta mutu, Ticha ya iso tun da hantsi, ƙafar wando a naɗe. Ni na kasa ɗinki. Na ɗauki kujerata na shiga sito na zauna, waya a cinya, ina kallon yayana yana abin da ya ga dama alhali rayuwar 'yarsa tana rataye. Ticha ya san zancen, na gaya masa, ya kuma yi nasa ƙoƙarin an ce masa ya tsaya a jogarafi.

Kumbon ya riga ya sauka a jar duniyar tun kwanakin baya, ya cika akwatunansa maƙil. Ranar nan ce ta dawowa. Yaya ya yi bismillah ya kunna inji. Kumbo ya tashi da ƙyar, yana nishi kamar tsohuwar a-kori-kura a hawan dutse. Ya hau, ya hau, ya samu ya fara kewaya duniyar. Yaya ya juya hancinsa ya nufi gida, ya danna. Wuta ta fito ta ɗan lokaci, ta yi tari, ta mutu.

"Me ya faru?"

"Mai ya ƙare," in ji Ticha. "Lodi ya yi yawa. Na faɗa maka."

"To a tura wani kumbon ya ɗauko kayan."

"Da wane inji? Babban inji sai da maki. Maki kuma duka yana cikin akwati, akwati yana can." Ticha ya nuna da leɓe. "Sitonka ya cika, Mato, amma makullin yana ciki."

Na so in yi dariya, amma ba ranar dariya ba ce a wurina.

"Ka ga wannan koren layi?" Ticha ya ci gaba. "Batir ne. Yana sauka. Babu sola. Ka buɗe eriya yanzu ka tura abin da zai tafi. Da babu gara ba daɗi."

Yaya ya harɗe hannu. Ya ce a bari ya yi tunani. Ya ce ƙila in an jira kumbon zai gangaro da kansa. Ticha ya ce a sama ba a gangarowa, ya yi shekaru yana koya wa yara haka. Ya ce to a tura awon zafi kawai, a bar ƙasar, don ƙasar ce mai daraja. Ya sake cewa a'a, a fara da iska. Suna wannan ciniki koren layin ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja. Ruwa yana dukan kwano, ni kuma ina kallon agogon wayata ina kallon ƙeyar yayana.

"Mato, danna!"

Ya danna. Eriya ta buɗe a hankali kamar lemar Ticha. Wani layi ya fara tafiya, alamar kaya sun kama hanya. Ya ɗan matsa, ya ɗan ƙara. Sai fitilun kumbon suka ɗauke gaba ɗaya.

Ticha ya matso da fuska ya karanta. "Awon zafi ne ya iso. Shi ma ba duka ba."

"Sauran fa?"

"Yana nan lafiya. Babu abin da ya same shi. Ba zai ruɓe ba." Muryar Ticha ta sauka. "Sai dai ba wanda zai taɓa samun shi."

A allon, kumbon yana ta juyawa a duhu da akwatunansa reras, cike, a rufe. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Daga masallacin bakin kasuwa muka ji ladan yana gwada lasifika, yana hura ta, alamar azahar ta kusa.

"Adawiyya," ya ce, bai juyo ba. "Wayarki da caji?"

Ban tsaya ba shi amsa ba. Na danna wa Khairat kiran bidiyo. Sabis a Mubi in ana ruwa sai addu'a, amma Allah ya taimaka ta shiga. Ga Khairat, da mayafi, ga jakarta a gefe, idanu sun kumbura. Ta ga fuskar ubanta sai ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa, can a ɗakin ƙawarta a Abuja, ta sunkuyar da kai.

Yaya ya karɓi wayar ya ɗora a kan buhu. Ya gyara zama, ya gyara hula, ya naɗe hannun riga. Ya yi bismillah, ya ɗaga tafin hannunsa na dama, ya ɗora shi daram a kan allon, daidai kanta.

Waya ta yi ƙit. Ya kashe kiran.

Ticha ya fashe da dariya har ya sarƙe, yana dukan buhu yana tari. "Wayyo Allah! Mato! Eriya na biyu ke nan ka kashe yau!"

"Ina ta tafi?" in ji Yaya, ya ɗaga hannu yana leƙa ƙarƙashinsa. Fuskarsa ta tsorata da gaske, irin tsoron da ban taɓa gani a wurinsa ba, sai dariyar da ta taso mini ta koma.

Waya ta yi ƙara, ita ce. Wannan karon na riƙe da kaina. Amma ruwan ya ƙaru, hoton ya tsaya cak, ya dawo, ya ɓace. Muryarta kawai ke zuwa, a gutsure. "Gwaggo? Gwaggo, ba na gani. Ya fasa ne? Gwaggo, ke ce?"

Na miƙa wayar kusa da bakinsa. Ya dubi Ticha, Ticha ya juya yana nazarin rufin sito. Ya dube ni, na ƙi ɗauke ido.

"Gwaggo, in ya fasa ki faɗa mini, in tafi tasha."

"Khairat," in ji Yaya.

Sunan ya fito a hankali, da ɗan tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Can ɓangaren na ji ta fashe da kuka.

"Khairat, ni ne. Ki tsaya inda kike."

Hannunsa yana sama yana neman wurin sauka. Na kama shi na ɗora a bayan wayar, inda ba abin dannawa, na riƙe tare da nawa. Ya rufe ido ya fara. Ya roƙa mata tsari a sama da ƙasa, ya roƙa mata buɗin ƙwaƙwalwa da abokan kirki. Ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ko da yake ba ta taɓa yi masa komai ba. Ya ce tun ranar da ta zo ta ɗaya a firamare yake son ya gaya mata wani abu. Daga nan ya shiga sauke kaya, na shekara da shekaru, buhu bayan buhu.

A tsakiyar haka na ji wayar ta yi ɗan motsi a hannuna. Sabis ya ɗauke. Na dubi Ticha, shi ma ya gani. Ya girgiza mini kai kaɗan. Muka bar shi ya ci gaba, ido a rufe, har ya kai ƙarshe ya shafa. Ni da Ticha muka ce amin.

Ya buɗe ido ya ga allo baƙi. "Yaushe ta yanke?"

Na ce sabis ne, kuma bai dawo ba sai bayan azahar, sai ga saƙon Khairat ya shigo. Hoto ne, an ɗauka ta tagar mota, ga allon hanya mai nuna filin jirgi. Na nuna masa. Ya karɓi tabaran Ticha ya duba da kyau, ya daɗe yana dubawa.

"Ta ji duka?" ya tambaya.

Na ce, "Ta ji sunanta, Yaya. Tun daga nan take kuka. Ko sabis bai yanke ba, ba na jin ta ji sauran."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa Ticha tabaransa, ya tashi ya nufi can cikin sito inda buhuna suka kai rufi, ya ba mu baya, ya shiga gyara bakin wani buhu da ba abin da ya same shi. Na ga ya kai hannun riga fuska.

"To," ya ce daga can. "Sauran yana nan. In Khairat ta dawo ta karɓa."